Gurbi Na Bakwai

Ƙarfe uku na dare a Punta Arenas,
iska na dukan ƙofar sito kamar mai bin bashi.
Darakta ya tafi, 'yan wasa sun wanke fuska,
fitilu sun huce.
Saura ni da akwatuna goma sha ɗaya,
baki buɗe a kan siminti.

Na fara da wanke hannu.
Gishirin teku ba ya sallama in zai shiga,
sai bayan wata uku ka ga aikinsa a jikin ƙarfe.

Uwar kyamara ce farko.
Na kwance mata mariƙi, na zare batir,
na rufe mata ido da murfi.
Kwana arba'in da biyu tana kallon kukan ƙarya
da ruwan sama na gaske,
ba ta ƙifta ba.
Na kwantar da ita a ramin soso
da aka yanka daidai ƙugunta,
ta shige kamar wuƙa cikin kube.

Wayoyi kuma, a naɗe su yadda suke so,
ba yadda kake so ba;
waya tana da riƙo, ba ta manta wanda ya murɗe ta.

Sai akwatin gilasai, baƙi, mai taya ɗaya da ke ɗingishi.
Milenko ne ya yanka sosonsa
shekarar da na zo koyon aiki.
Ya zana da alli, ya bi da reza,
harshe a gefen baki, tabarau a kan hanci.
"Yasna, bar yatsa biyu tsakanin gilashi da gilashi,
maƙwabta ma da katanga suke zaman lafiya."
Ya kan ce, "In kin girgiza akwati kin ji magana,
ba ki gama ba."

Sha takwas, ga ɗakinka.
Ashirin da biyar. Talatin da biyu, mai tabo a wuya
tun ranar da jirgin ruwa ya yi tutsu da mu.
Arba'in, hamsin, sittin da biyar,
kowa fuska ƙasa, kowa da hularsa.
Na cusa ƙullin maganin danshi a kusurwa.

Na bakwai babu kowa.

Nasa ne, ba na kamfani ba,
tsohon gilashi da fentinsa ya koɗe,
wanda ba ya fito da shi sai za a ɗauki fuskar tsohuwa
ko ta wanda zai yi ban kwana.
Bara hannunsa ya soma rawa.
Bai jira an faɗa masa ba,
ya naɗe gilashin a safar ulu,
ya haye mashigin ruwa zuwa Porvenir
inda 'yarsa ke da tumaki.

Sau biyu kamfani na cewa a toshe ramin,
ga sabon soso can a leda.
Na ce to.
Na sake cewa to.

Yau na sa dunƙulen hannuna a ciki.
Soson ya saki, ya ɗan yi fari a baki,
amma har yanzu yana riƙe da siffar abin da ya tafi,
har da 'yar tsagar da ya yi wa ɗan yatsa
don a ji daɗin ɗagowa.

Nelida ta danna ham a waje,
jirgin Santiago ba ya jiran mai tunani.
Na rufe. Sakata huɗu: ƙwas, ƙwas, ƙwas,
ta huɗun sai da gwiwa.
Sikeli ya ce ashirin da biyu da ɗigo takwas,
bai ƙirga ramin ba.

Na ɗaga akwatin, na kara kunne,
na girgiza shi hagu da dama.
Shiru.
Na ja shi zuwa mota, tayar na ɗingishi a tsakuwa.